Kantar Murhu ta Gwanjo: Kafin Ku Ɗauki Samfefa

Ɗan ƙanwata, wanda bai cika shekara biyu da zuwa Manchesta ba, ya turo mini hoto ranar wata Asabar da hantsi. Tsohuwar kantar murhu ce an jingine ta a bangon gareji, farin fentinta ya dafe, gefe guda duk ya ɓaɓɓare. A ƙasan hoton ya rubuta: "Kawu, fam 30 kacal. In ɗauka?" Na ce ya je ya gani da idonsa tukuna, ya juya ta ya ɗauko mini hoton bayanta, in kuma ya saya kada samfefa ta taɓa jikinta sai na zo. Ya yi dariya, wai ai ya kalli bidiyo uku a YouTube, aikin yini ɗaya ne. Dariyar nan ce ta zaunar da ni rubuta muku wannan, ku 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke shigowa ƙasar nan karatu ko aikin jinya, kuna kama tsofaffin gidaje, kuna son ɗakinku ya yi kyau da ɗan abin da ya rage bayan an biya haya.

Na gida da ba su san abin ba, murhun da nake magana ba na girki ba ne. Kogo ne a jikin bangon falo, ana hura wuta a ciki don jin ɗumi, hayaƙin ya bi bututu ya fita ta saman rufi. Wanda ya taɓa shiga tsofaffin gidajen Turawan kuza a Jos ya ga irinsa. Bakin kogon ake kewayewa da firam: ƙafa biyu a tsaye, goshi a kwance, sai kanta a bisa wadda ake ɗora agogo da hotuna. Turawa na ce wa wannan duka mantil. Ni dai kantar murhu nake cewa.

Abin da ya sa suka yi yawa a kasuwar gwanjo har ake samu da kuɗin cefanen mako, labari ne na hayaƙi. A zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, masaƙun auduga sun cika Manchesta da leburori, aka yi ta jera musu gidajen jan bulo bango a jikin bango, kusan kowane ɗaki da murhunsa na kwal. Haka sauran biranen. A Disambar 1952 hazo ya haɗu da hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan kwana biyar, daga ran 5 zuwa ran 9 ga wata. Ƙidayar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. A 1956 majalisa ta yi dokar tsabtace iska, aka ware unguwannin da ba a yarda bututu ya fitar da hayaƙi ba. Ba a jima ba aka samu iskar gas a Tekun Arewa, gidaje suka koma ɗumama da ruwan zafi mai bin famfo. Murhu ya zama kayan tsofaffi. Wani mai suna Barry Bucknell ya yi tashe a talabijin ɗin BBC a shekarun 1950 da 1960 yana koya wa magidanta gyaran gida da hannunsu, cikin darussan har da rufe ƙofofi masu ado da murahu da falankin katako don gida ya yi kama da na zamani. Wasu suka rufe, wasu suka ɓalle suka watsar. Yau jikokinsu ne ke bin 'yan gwangwan suna neman abin da kakanni suka zubar. Kada mu yi musu dariya. Mu ma mun ba da akushi da tasoshin tagulla an musanya mana da roba.

Ana cewa arha ba ta ado. A kan kantar murhu na yarda da rabin maganar. Arhar tana ado, sai dai tana zuwa da bashi a ɓoye, kuma wanda bai san da me aka yi kayan ba shi ke biya.

Ni na biya. Kantar da na fara saya baƙa ce wuluk, mai nauyin tsiya, mu uku muka shigar da ita gida muna nishi. A jikinta akwai wasu jijiyoyi kore da ja-ja da suka dusashe. Na ɗauka mabul ne wani marar ido ya shafe da baƙin fenti, na ce bari in fito da asalinsa. Na sayo maganin cire fenti na lafta, na je na sha shayi, na dawo na sa wuƙar kankara. Fenti ya taso lumui kamar fatar dafaffen tumatir, ni kuwa ina ta murna. Da na gama ƙafa ɗaya na ja da baya in ga mabul ɗina, sai ga dutse ruwan toka, fayau, irin wanda ake rufin gida da shi. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi aikin gini duk rayuwarsa, ya leƙo ta katanga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Abin da ka kankare ɗin nan shi ne kuɗin." Ashe dutsen sulet ne, irin wanda ake haƙowa a yankin Wels. Masu ƙaramin ƙarfi na wancan zamani ba su iya sayen mabul, sai masu sana'a suka ƙware wajen yi wa sulet zanen jijiyoyin mabul da hannu, a gasa a tanda, a goge har ya yi sheƙi. Aikin da ya shekara fiye da ɗari yana nan, na share shi kafin la'asar. Abin da yake buƙata tun farko bai wuce ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da ɗan kakin zuma ba.

Saboda haka nake cewa a fara juya kaya a dubi baya. Gaba an yi masa kwalliya sau bakwai, baya kuwa babu wanda ya damu da shi, yana nan yadda maƙeri ko kafinta ya bar shi. Ku tafi da mayen ƙarfe a aljihu, ko irin ɗan wanda ake mannawa a firij. In ya kama, zubin ƙarfe ne. In bai kama ba kuma abin ya yi sanyi a tafin hannu, dutse ne: bayan sulet ruwan toka ne mai duhu ko shuɗi-shuɗi, bayan mabul kuwa yakan nuna launi da jijiyoyin da ke gaba. Katako ba ya ɓuya. Zuwa da kai ya fi aike, musamman a cinikin Facebook ko Gumtree inda hoto ke ɗauko gefen da ya fi kyau. Kafin ku fita ku auna faɗin kogon murhunku da tsayinsa da faɗin bangon da ya turo gaba, ku rubuta a takarda. Katako a iya rage shi. Ƙarfen zubi da dutse, yadda suka zo haka za su zauna.

Ku kuma tambayi mai kaya daga ina ta fito. Ana ɓalle irin waɗannan a gidajen da babu kowa a sayar, kuma akwai tsofaffin gidaje da hukuma ta yi wa rajistar tarihi, waɗanda laifi ne a cire musu murhu ba da izini ba. Wanda ya ce daga falonsa ta fito, ga ma tabon a bango, kun huta. Wanda ya hau kame-kame yana son ku haɗu a bakin titi da magariba, ku bar masa kayansa.

Ta ɗan ƙanwata katako ce, irin farin nan mara nauyi da suke kira fayin. Na sa ya kwantar da ita a kan baƙar leda ya bubbuga da tafin hannu. Akwai wani ƙwaro a ƙasar nan mai huda katako, yana barin ramuka ƙanana kamar an soka allura mai kauri. Tsohon rami baƙi ne, mai shi ya daɗe da tashi. In kuwa gari fari ya zubo, ƙwaron na ciki, sai an yi masa magani kafin a shigar da katakon gida, in ba haka ba ya ƙaura zuwa daɓen katako da ƙafar gado. Tasa ba ta zubar da komai ba. Sai ya ce to zai kai ta wurin masu tsoma ƙofofi a tanki, su cire fentin gaba ɗaya ta fito katako zalla. Na hana shi. Ruwan tankin nan kostik soda ne, wanda matanmu masu haɗa sabulu suka sani sarai. Yana cin fenti, yana cin gam ɗin da ya riƙe gaɓoɓi, katako ya dawo busasshe yana gashi. Furanni da igiyoyin ado da ke goshin irin wannan kanta ma sau da yawa ba sassaƙa ba ne, haɗin alli da gam da ƙaro ne aka zuba a mazubi aka manna. Su shiga tanki su narke. Kuma shi fayin tun asali don a yi masa fenti aka yi aikin da shi, shi ya sa kafinta bai damu da ƙulle-ƙullen jikinsa ba. Mai nauyin nan da suke kira ok, shi ake bari a fili, amma kostik soda na baƙanta shi, haka soson ƙarfe, domin ruwan jikinsa ba ya shiri da ƙarfe.

Yanzu ga dalilin da na hana samfefa, kuma a nan nake so ku tattara hankalinku. Tsohon fenti yana da dalma. A Birtaniya an yi ta zuba ta a fentin katako da ƙarfe har zuwa shekarun 1960, ba a haramta sayar wa jama'a irin fentin ba sai 1992. A Amurka 1978 aka hana a gidajen zama. Kantar da ta ga zamanin Biktoriya, ku ɗauka akwai dalma a ƙasan fentinta har sai gwaji ya wanke ta. Muddin fentin na zaune lafiya bai fashe ba, dalmar na kulle. Ranar da aka sa samfefa a busasshe ta zama ƙura, ta sauka a daɓe da labule da abin wasan yara.

Mu Hausawa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan wannan ƙurar. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Ba wani abu aka ba su suka ci ba. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baki. Abin da za ku tayar a falo bai kai wancan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta ma ɗaya ce, kuma likitoci sun ce babu wani ɗan adadi na dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, ba zazzaɓi ba kuka, sai an kai makaranta a ga yaro ba ya riƙe karatu. Mai ciki ma tana miƙa wa abin da ke cikinta.

Shagunan kayan gini na sayar da ɗan tsinken gwaji mai canza launi in ya taɓa dalma, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A yanka fentin da wuƙa a karkace har a tarar da katako, don tsinken ya taɓa kowane hawa, tunda na can ƙasa ne mai laifin. In fentin bai fashe ba, hanya mafi sauƙi ita ce mafi arha: a wanke, a bar shi ya bushe, a shafa sabon fenti a bisa ya rufe tsohon. In ya ɓaɓɓare dole sai an cire, a fitar da aikin waje, a shimfiɗa leda, a yi amfani da maganin cire fenti mai kauri kamar kunu, wanda ke tattaro fentin a jiƙe. Samfefa in ta zama dole, irin wadda ake jiƙawa da ruwa. Ban da fitilar wuta mai ƙona fenti, domin tana mai da dalma hayaƙi. Na'urar hura iska mai zafi ma shawarar hukuma a nan ita ce kada ta wuce digiri 450, ni kuwa na fi son ku ƙyale ta. A sa safar hannu da takunkumi na ainihi mai matatar ƙura, ba irin shuɗin nan na zamanin korona ba. Yara da mai juna biyu su yi nisa. In an gama kada a sa tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a ƙulle shi cikin ledar, a wanke kayan aikin daban da na iyali, a yi wanka kafin a ɗauki yaro ko a sa hannu a abinci.

Tsinken ɗan ƙanwata ya yi ja. Dariyar ta ɗauke.

In falankin da aka rufe bakin murhunku da shi ba katako ba ne, wani abu ne ruwan toka mai kama da siminti, kada ku fasa, kada ku huda. Yana iya zama asbesto, wanda ba a gama haramta shi a Birtaniya ba sai 1999. Ku gaya wa mai gida ya kawo masu gwaji.

Sauran aikin mai daɗi ne. Ta ƙarfe, buroshin waya ke cire tsatsa, a kiyaye ruwa, sannan a shafa baƙin man nan na goge murhu da tsohon buroshin haƙori ya shiga lungunan ado, a murza da tsohuwar safa har ta yi ƙyalli kamar bakin fensir. A ɗauke ta da lallami, ƙarfen zubi in ya faɗi tsagewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. Ta mabul, kada lemon tsami ko binega su kusance ta, tsami na cin fuskarta ya bar tabo. Ta katako, a toshe manyan ramuka, a matse gaɓar da ta saki da gam, a yi fenti hawa biyu marasa kauri. Ƙaramin gwangwani ya isa, sau da yawa ma wani ɗan'uwa na da ragowa a ƙarƙashin bene. Roƙona guda, kada ku bi kowane tabo kuna shafewa. Tsohuwa in ta sha hoda fiye da kima ba yarinya take komawa ba.

Da muka zauna lissafi, fam 30 ɗin nan ita ce mafi ƙanƙanta a jerin. Motar da ta ɗauko kantar ta fi kantar tsada. Ga tsinken gwaji, ga takunkumi, ga maganin cire fenti, ga ƙarafan kafewa. Ya dubi takardar ya ce, "Kawu, in ba ƙira me ya ci gawayi?" Na ce ƙirar tana nan, a bayan bango take. Injin huda bango mun ara, lebur na magina mun ara, buroshi nawa ne. Abin da ba a ara kuma ba a neman na arha shi ne abin da ya tsaya tsakanin aikin da lafiyar yaro.

Kafewa na cikin wannan. A ƙasar nan an samu yara ƙanana da suka rasu saboda kantar dutse ta ɓalle daga bango ta faɗo musu, har hukumar kula da kariya a wuraren aiki ta fitar da gargaɗi a kai. Yaro yana ganin kanta, abin lilo ya gani. Gam kaɗai ba ya riƙewa, turmin siminti kaɗai ma haka. Sai an sa ƙarafa an ɗaure da sukuru har cikin bulo, ba a filastar da ke bisa ba. Ta dutse kuwa kowane yanki da nasa maɗauri, kuma wannan aikin magini ne, ku biya shi. Mai haya ya nemi izinin mai gida a rubuce kafin ya huda bango, ko da saƙon waya ne, saboda ranar tashi da neman kuɗin ajiya.

Yawancinku ba za ku hura wuta a ciki ba, kuma hakan ya fi. Bututun da ya shekara hamsin a rufe yana iya tsagewa, ko tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki, ko an toshe shi daga sama. Hayaƙin da bai samu hanya ba ɗaki yake dawowa, tare da iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Wanda ya nace, sai mai sharar bututu ya zo ya share ya gwada, a tambayi ƙaramar hukuma ko unguwar na cikin wuraren hana hayaƙi, a kafa na'urar da ke ƙara in iskar ta taru. Murhun gas doka ta ce sai mai rajistar Gas Safe zai taɓa. Katako kuma ba ya zama dab da bakin wuta. Ƙa'idar gini ta Amurka inci 6 ta sa a mafi ƙaranci, kuma gwargwadon yadda kanta ta turo gaba, gwargwadon yadda za a ƙara ɗaga ta.

Saura jere. Duk wanda ya tashi a ɗakin uwa mai kabad cike da samira da tangaran, hannunsa na ƙaiƙayin cika wuri. Jeren ɗakin amarya magana yake yi da yawa, yana cewa ga gata, ga dangi. Kantar murhu faɗinta bai fi taƙi ɗaya ba, in an cika ta sai ta koma teburin mai koli. Masu ƙasar sukan rataya madubi a bisa, agogo a tsakiya, sai katunan gaisuwa in Kirsimeti ta zo. Madubin dabara ce mai kyau, yana ninka ɗan hasken da ake samu a watan Janairu lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, kuma shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji cike suke da madubai masu tsohon firam. Bayan wannan ku dakata. Ku bar ta wayam mako biyu, abin da ya cancanci hawa zai nuna kansa. Yawanci yana cikin akwatin da kuka zo da shi: faifan da inna ta cusa a gefe, ƙwarya mai zane, tandun kwalli. Dogo a gefe ɗaya, gajeru biyu a ɗaya gefen, a bar fili a tsakani. In ana hura wuta, littafi da hoto da kayan fata su nemi wani wuri, zafi na busar da su. Cikin kogon da ba a amfani da shi, kwando ko tulu ya wadatar.

Mun ɗauki Asabar huɗu a kan aikin yini ɗayan. Da muka cire fentin saman kantar, can gefen dama sai ga wani baƙin da'ira a jikin katakon, ƙunar wani abu mai zafi da aka taɓa ajiyewa, ko fitila ko gindin kyandir, tun kafin a yi fentin farko da ya rufe shi. Yaron ya ɗauko samfefa zai bi ta kansa, wai tunda yanzu katako ne zalla. Matarsa, wadda muka hana fitowa tsakar gida duk tsawon aikin saboda tana da ciki, ta leƙo ta taga ta ce a bar mata shi. Saman kantar kaɗai muka bari ba fenti, muka shafa masa kakin zuma. Ran da na koma cin tuwon suna, na tarar ta ɗora ɗan farantin tangaran a kan da'irar, kaskon turaren wuta a bisansa, faifai a jingine da madubi, makullan motar angon ƙarni a ɗaya gefen inda aka ce kada a riƙa ajiye komai.